Filin Kanikanci: Ƙera Gadon Inji Idan Za a Sauya wa Tsohuwar Ƙaramar Mota Inji

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato sauya wa tsofaffin ƙananan motoci inji, kuma kusan dukkansu sun tsaya ne a kan gadon inji, ƙaramin casis ɗin nan da ake ɗaurewa a ƙarƙashin bodi domin ya ɗauki inji da giyabos, a wasu motocin ma har da ƙafafun gaba. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota Mini ƙirar 1978 mai inji cc 998, kuma na samo injin Honda B16A tare da giyabos ɗinsa a kasuwar Ladipo. Bakanikena ya ce zai yanke gadon injin na asali, ya faɗaɗa shi da angul mai kauri har injin ya zauna, kuma ya tabbatar mini cewa muddin ƙarfen ya yi kauri babu abin da zai faru. Shin in bar shi ya ci gaba?
Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakatar da shi tukuna, kafin wuta ta taɓa ƙarfen. Kauri yana cikin abubuwan da ake dubawa, amma a ƙarshen jeri yake zuwa, bayan an san inda nauyi ke shiga gadon, da hanyar da yake bi a cikinsa, da wurin da yake fita zuwa bodi. Gadon da aka tsara waɗannan abubuwa uku daidai a cikinsa yakan daɗe ko da kaurin ƙarfensa bai wuce milimita 3 ba, wanda kuwa aka lafta wa ƙarfe ba tsari yakan tsage a bakin walda komai kaurinsa.

Tun da Alec Issigonis ya fito da Mini a 1959 har aka daina ƙera ta a 2000, injinta a gicciye yake, giyabos kuma yana ƙarƙashin injin, baƙin mai ɗaya suke sha, shi ya sa gadon ya kasance matsattse. Injin Honda kuwa giyabos ɗinsa a gefe yake, saboda haka ya fi faɗi sosai, kuma ba zai shiga ba sai an cire ƙarafan gefe da na gaba. To, waɗannan ƙarafa da za a cire suna da wasu ayyuka bayan ɗaukar inji. A jikin gadon ne hannun sama da hannun ƙasa na kowace ƙafa suke maƙale, a gabansa ne aka ɗaure sandar nan da ke riƙe hannun ƙasa idan an taka birki, kuma a cikin hasumiyoyinsa biyu ne robar da Alex Moulton ya ƙirƙiro take zaune a maimakon sifirin.

Ga ɗan lissafi domin ka ga girman abin. Robar tana kusa da gindin hannun sama ne, ta yadda nauyin da ke kan tayar gaba yakan ninku kusan sau uku kafin ya isa gare ta. Mu ɗauka kowace tayar gaba tana ɗauke da kilo 220 bayan an sa sabon inji, direba ya shiga. Hasumiya ɗaya tana ɗauke da kilo 660 ke nan alhali motar tana tsaye. Masu ƙera motocin tsere sukan ninka nauyin tsaye sau uku domin lissafin faɗawa rami, wanda ya kai mu kusan tan 2 a kan ɗan wuri guda. Ni kuwa, ga wanda zai riƙa bin titunan cikin Agege da Mushin bayan damina, na fi son a ninka sau huɗu.

Sai kuma murɗawar inji. Ƙarfin murɗawar B16A ya kai kwatankwacin kilo 15 da aka rataya a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. A motar da injinta ke gicciye, kujerun inji, wato wuraren da ake ɗaure injin a jikin gado, suna tare abin da ya fita zuwa tayoyi ne bayan giya ta ninka shi. Idan giya ta ɗaya ta ninka sau 3.2, difaransha ta sake ninkawa sau 4.4, kilo 15 ɗin nan ya zama kusan 210, kuma idan tazarar da ke tsakanin kujerar da ke tare injin ta gaba da wadda ke tare shi ta baya santimita 40 ce kawai, kowacce za ta ji abin da ya haura kilo 500. Gaskiya ne cewa a mota marar nauyi irin Mini taya za ta fara sulɓi kafin a kai wannan adadi, amma idan aka saki kuloci da ƙarfi, ko tayar da ke sulɓi ta kama kwalta farat ɗaya, bugun yakan kai can. Saboda haka a nisanta kujerun da juna gwargwadon iko, a sa sandar riƙe inji ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma kowace kujera ta zauna a inda ƙarafa biyu ko uku suka haɗu, kada a ɗora ta a tsakiyar dogon ƙarfe. Masu Mini sun san cewa ko da ɗan injinta na asali, mai ƙarfin doki kusan 40, kunnen ƙarfen da ake ɗaure sandar riƙe inji a jikinsa a bangon gaban direba yakan tsage, ballantana injin da kake shirin sawa mai ƙarfin doki 160.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a shirin bakanikenka shi ne sitiyari. A Mini, rak ɗin sitiyari a jikin bodi yake ɗaure, hannuwan ƙafa kuma suna jikin gadon. Idan sabon gado ya sa gindin hannuwan ya hau ko ya sauka da 'yan milimita, ko aka tura shi gaba domin a samar wa inji wuri, to tayarod, wato sandar da ke haɗa rak da taya, da hannuwan ba za su ƙara tafiya tare ba yayin da taya ke hawa da sauka, sai ya zama duk lokacin da motar ta taka tudu tayar ta karkata da kanta ba tare da direba ya juya komai ba. A cunkoson Oshodi ba za ka lura da wannan ba. Ranar da ka hau gadar Third Mainland kana gudun kilomita 80, ka taka mahaɗar gada, ranar za ka ji motar ta zabura gefe.

Ga yadda ya kamata aikin ya tafi. A samo gadon asali wanda bai taɓa haɗari ba, a ɗaure shi a kan teburin ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen bisa, a walda wa teburin ƙafafu waɗanda kowacce ke riƙe da rami guda: wurare shida da gadon ke haɗuwa da bodi, wato hasumiya biyu, biyu a ƙasan takun direba da na fasinja, biyu a gaba, sannan ramukan hannun sama da na ƙasa da na sandar da ke riƙe hannun ƙasa, da kuma tsakiyar mazaunin taya. Sai an gama wannan ne za a yanka komai. Na fi son a bar hasumiyoyin asali yadda kamfani ya buga su, a gina sabon ƙarfe kewaye da su, domin su ne suka fi wuyar kwaikwayo. Bayan haka sai a sauko da inji da giyabos cikin ma'aunin, wato teburin nan mai ƙafafu, a tsayar da su a inda bakunan difaransha suka yi daidai da tsakiyar tayoyi, ta yadda shaf zai tafi kusan a miƙe idan motar tana tsaye, kuma ya sami wurin shiga da fita a cikin joyin ɗinsa idan ƙafa ta motsa. Shaf na dama da na hagu su yi kusa da juna a tsawo, in ba haka ba motar za ta riƙa fizgar sitiyari gefe guda duk lokacin da aka taka totur. Shi ya sa ba na son a jefar da guntun shaf na tsakiya da ke zuwa da wasu giyabos na Honda. Sai a ƙarshe a gwada hanyar da ƙarafa za su bi da katako ko fayif na roba, a tabbata an bar wurin cire filta da alternato da sitata, sannan a sayi ƙarfe.

Duk mai walda ya san cewa ƙyauren get mai kusurwa huɗu yakan sunkuya idan ba a gicciya masa ƙarfe daga lungu zuwa lungu ba, kuma haka gadon inji yake. Duk inda inji ya tilasta a bar fili mai kusurwa huɗu, a nemi hanyar mai da shi alwatika, ko da da sandar da ake kwancewa da noti ne. Wurin da gadon ya haɗu da bodi ma yana bukatar kulawa, domin kwanon bodi bai cika kai milimita 1 ba, kuma noti shi kaɗai zai yage shi. A sa faranti mai kaurin milimita 3, mai faɗi, wanda aka zagaye lungunansa, bayan an tabbatar tsatsa ba ta cinye ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashin gaba ba. Motarka tana cikin waɗanda aka fara ɗora gadonsu a kan roba tun daga 1976, kuma da irin wannan ƙarfi robar za ta bar gadon ya riƙa motsi dabam da rak, don haka masu wannan aiki sukan ɗaure shi kai tsaye, su haƙura da ƙarar da za ta ƙaru a cikin mota.

Kafin a sa taya a titi, a cire robar da shokozoba, a kulle sitiyari, a ɗaura faranti a mazaunin taya, a riƙa ɗaga ƙafar da jak santimita ɗaya-ɗaya ana auna tazarar gaban farantin da ta bayansa daga wani katako da aka kafa a gefe. Idan bambancin yana sauyawa sosai, akwai sauran aiki.

Da tun kafin ka sayi injin ka rubuto mini, da na nuna maka na Nissan Micra 1.3, irin wadda ta cika Ibadan a matsayin tasi. Girmansa cc 1275 ne, daidai da babban injin Mini na asali, jikinsa na alminiyam ne, ƙarfin dokinsa 75, kayansa kuma ba sa wuyar samu, sannan yankan da yake bukata bai kai na Honda ba. B16A sau da yawa yakan tilasta a tsawaita hancin motar, ko a yi amfani da gaban Clubman, wani nau'in Mini, wanda ya fi na Mini ta asali tsawo da kusan santimita 10. Idan ka nace a kan Honda, ka sa birki a cikin kasafinka tun yanzu, kuma ka sani cewa faifan birki mai inci 8.4 da kamfani ya koma sawa tun 1984 ba ya shiga cikin rim mai inci 10.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai walda ne a Mile 12, get da tagogi na fi yi, amma yanzu an kawo mini aikin gadon inji. Wane ƙarfe zan saya a Owode Onirin? Fayif ɗin ruwa mai kauri zai yi? Kuma injin walda na sanda kawai nake da shi, ko zai wadatar?
Daga wani matashi mai karatu.

AMSA: Ƙanena, ka kyauta da ka tambaya kafin ka karɓi kuɗin aiki. Fayif ɗin ruwa ba zai yi ba. An yi shi ne domin ya riƙe ruwa, ba a tabbatar da ingancinsa wajen ɗaukar bugu ba, kuma farin rufin zinki da ke jikinsa yana ɓata walda, hayaƙinsa kuma yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa. Angul ma ba na son sa a matsayin ƙashin gado, domin ƙarfe mai buɗaɗɗen ciki yana murɗewa cikin sauƙi idan aka kwatanta shi da rufaffe. Abin da za ka nema shi ne sabon baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu, ko zagayayye marar ɗinki idan ka samu, mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3, da faranti mai milimita 4 zuwa 5 na kunnuwa. Ka tafi kasuwa da baniya, wato abin auna kauri, a aljihu ka auna da kanka, domin a ko'ina ake sayar da ƙarfe sunan da ake kiran kauri da shi yakan bambanta da abin da ma'auni ya nuna.

Akwai wata gaskiya game da ƙarfe da ya kamata ka riƙe. Baƙin ƙarfe mai tsada da mai araha lanƙwasuwa iri ɗaya suke yi ƙarƙashin nauyi iri ɗaya muddin ba a wuce iyakarsu ba, bambancin mai tsada kawai shi ne iyakarsa ta fi nisa. Abin da ke hana gado lanƙwasa siffar ƙarfen ce da faɗinsa. Ka kwatanta waɗannan biyu: ƙarfe mai kusurwa huɗu mai faɗin milimita 40 da 40 mai kaurin milimita 5 yana da nauyin kusan kilo 5.5 a kowace mita, mai 50 da 50 mai kaurin milimita 3 kuma bai kai kilo 4.5 ba, amma na biyun ya fi na farkon ƙin lanƙwasa da kusan kashi 40 cikin 100. Idan kuwa kaurinsu ɗaya ne, milimita 3, mai 50 ya ninka mai 40 sau biyu. Saboda haka duk inda wuri ya ba da dama, ka ƙara faɗi ka bar kauri yadda yake, domin kowane kilo da ka ƙara a hancin ƙaramar mota sitiyari da birki ne za su biya shi.

Game da walda, injin waya mai iskar gas ya fi dacewa da ƙarfe mai wannan kauri, amma na sanda ma zai yi idan hannunka ya zauna kuma wuta tana da ƙarfi. Wuta mai rauni takan ɗora walda a bisa ba tare da ta narke cikin ƙarfen ba, ta yi kyau a ido alhali ba ta riƙe komai ba. Ka yi amfani da sandar walda geji 12, ka feƙe bakin ƙarafan su zauna da juna ba giɓi, ka kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari. Sandar 6013 da ka saba da ita ta isa baƙin ƙarfe na yau da kullum. Sandar 7018 ta fi ta ƙarfi, sai dai tana shan laima, kuma a iskar Legas kwalin da aka buɗe aka bari a shago ya riga ya sha, sai an gasa shi kafin a yi aiki da shi. Kafin ka taɓa gadon, ka walda guntaye biyu daga ƙarfen da ka saya, ka matse su a bais, ka doke su da guduma har su lanƙwashe. Idan waldar ce ta ɓalle, hannunka ko wutarka ba su shirya ba. Ka kuma yanka wani gwajin gida biyu ka ga iya zurfin da narkewar ta kai.

Walda tana jan ƙarfe yayin da take hucewa, don haka ka ɗiɗɗiga ko'ina tukuna a cikin ma'auni, wato teburin da ke riƙe gadon, sannan ka riƙa yin gajeru-gajeru kana sauya ɓangare, dama da hagu, kuma kada ka kwance gadon sai ya huce sarai. Bayan ka kwance, ka auna daga lungu zuwa lungu ta ɓangarori biyu, bambancin kada ya wuce milimita 2. Tsagewa kusan kullum daga gefen walda take farawa, musamman inda walda ta ƙare ko inda ƙarfe mai kauri ya tsaya cak a kan marar kauri. Kada ka liƙa kunne a tsakiyar fuskar fayif inda kwanon ke iya numfashi, ka kai shi bakin lungu inda bangon gefe zai taimaka. Kada kuma ka goge walda da giranda don ta yi sumul. Duk inda noti zai ratsa fayif, ka sa guntun bututu mai kauri a cikin ramin ka walde shi ta fuska biyu, in ba haka ba ɗaurin zai matse fayif ɗin, notin ya saki bayan 'yan makonni. Hannuwan ƙafa da kujerun inji su zauna tsakanin kunne biyu, kuma kowane noti ya kasance mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa.

Akwai tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ta gano tsagewa wadda ba ta bukatar kuɗi: a shafa kananzir a kan walda, a bar shi ya shiga, a goge tas, a shafa alli. Inda akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana layi a kan allin. Bayan haka ka yi fenti mai haske, kamar ruwan toka, wanda tsaga za ta nuna a kansa, ka huda ƙananan ramuka a mafi ƙasan kowane fayif domin ruwan ambaliya ya fita, ka fesa mai a ciki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini mota Volkswagen Bitil da ya saya sabuwa a 1979. 'Ya'yana suna so a sa mata injin Subaru, sun ce shi ma kwantacce ne kamar nata, don haka ɗaurawa kawai za a yi. Ni dai ba na so a lalata motar.
Daga wata mai karatu a Surulere.

AMSA: Amin, Hajiya, Allah ya kai rahama kabarinsa. Mai yiwuwa motar tana cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Volkswagen ta Ojo, kan hanyar Badagry, wadda ta fara aiki a 1975, kuma irinsu da suka rage da lafiyarsu ba su da yawa. Yaran sun yi gaskiya ta fuska guda: injin Subaru mai silinda huɗu kwantacce ne, kuma da farantin haɗi yana ɗauruwa a jikin giyabos ɗin Bitil. Sauran maganar ce suka tsallake.

Bitil ba ta da gadon inji irin na Mini. Injinta a rataye yake a bayan giyabos da noti huɗu, giyabos kuma yana zaune a kan wasu ƙahoni biyu na ƙarfe da suka fito daga ƙashin bayan casis. An lissafa ƙahonin nan ne domin inji marar ruwa, marar nauyi, wanda ƙarfin dokinsa bai wuce 50 ba. Na Subaru ya fi shi nauyi, ƙarfinsa ya ninka nasa fiye da sau biyu ko da marar turbo ne, kuma duk nauyin a can bayan tayoyin baya yake lilo. Ƙahonin za su riƙa sunkuyawa suna dawowa, tayoyin baya su riƙa tsalle wajen tashi, a ƙarshe giyabos ko ƙahon ya tsage. Maganinsa shi ne a haɗa ƙarshen kowane ƙaho da hasumiyar shokozoba da sanda, a haɗa hasumiyoyin biyu da juna, a ƙara wa giyabos kujera ta tsakiya, sannan a yi wa injin ƙarfen tallafi a ƙasa wanda ya koma jikin casis. Kada a yarda wani ya rataya shi a kwanon bodi na baya, domin bodin Bitil ɗorawa aka yi a kan casis da notuna, kuma wannan kwano ba a yi shi don ɗaukar inji ba. Bayan wannan akwai lagireto da za a nema wa wuri a gaba, da bututun ruwa da za su bi tsawon motar, da kaskon baƙin mai na Subaru wanda ya yi zurfi sai an rage shi, ga motar da tun asali kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a baya yake za ta ƙara nauyi a can.

Tun da kin ce ba kya so a lalata ta, shawarata ita ce a gyara injinta na asali, ko a sa mata 1600 na danginta wanda ke shiga ba tare da an yanka komai ba. Idan yaran sun matsa, su nemi wata Bitil da ba ta da tarihi a gidanku su yi gwajinsu a kanta. Ko wanne aka zaɓa, a fara ɗaga motar a duba kwanon ƙasa da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, domin a nan tsatsar Legas take fara ci.

TAMBAYA: Malam, an sa wa Datsun 120Y ɗina injin Toyota, amma kaskon baƙin mai yana dukan kurosmemba, ƙarfen da ya gicciya a ƙarƙashin inji. Mai gyara ya yanke rabin kurosmemban ya bar shi a buɗe. Motar tana tafiya lafiya. Akwai matsala?
Daga wani mai karatu a Idi-Araba.

AMSA: Akwai, Alhaji, kuma ka ajiye motar har a gyara. A 120Y wannan ƙarfe shi ke riƙe da kujerun inji da gindin hannuwan ƙasa na tayoyin gaba biyu, kuma ƙarfinsa ya dogara ne a kan kasancewarsa rufaffe. Wanda aka yanke aka bari a buɗe zai yi ta aiki har ranar da ya gaji. Idan yankan bai yi zurfi ba, a rufe shi da faranti mai lanƙwasa, marar kaifin lungu, sannan a mayar da abin da aka rage ta hanyar ƙara wani rufaffen ƙarfe a gaba ko a baya, wanda ya zarce wurin yankan ta kowane gefe. Idan rabi aka cire kamar yadda ka ce, a nemi wani kurosmemban, a koma kan kaskon: ko a samo na irin injin wanda zurfinsa ke ɗaya ɓangaren, tare da bututun tsotson mai da sandar awo da suka dace da shi, ko a sake masa siffa ba tare da an rage yawan man da yake ci ba. A kuma duba cewa sandar sitiyari ba ta goga kaskon idan an juya har ƙarshe ta kowane ɓangare.

Idan an ɗaga inji domin kauce wa ƙarfen, to a auna karkatar giyabos da ta bakaksil. Ya kamata su yi daidai da juna, kuma kusurwar da kowane joyin na farfela ke aiki a kai ta tsaya tsakanin digiri 1 zuwa 3, in ba haka ba za ka ji kaɗawa a ƙarƙashin kujera, joyin kuma ya riƙa mutuwa da wuri. Ga masu irin wannan mota da ba su riga sun yanka ba, injunan A14 da A15 dangin A12 ɗin asali ne, kuma aikin da suke bukata kaɗan ne.

TAMBAYA: Bayan an sauya inji, me ya kamata in yi game da takardun mota?
Daga wani mai karatu a Obalende.

AMSA: Malam, lambar inji tana cikin abubuwan da ke rubuce a takardun mota, don haka ka karɓi rasiɗi daga wanda ya sayar maka da injin, mai ɗauke da lambar da ke jikinsa da adireshin shagon, ka duba da idonka cewa ba a goge lambar ko an sake buga ta ba, sannan ka je ofishin lasisi a gyara bayanan. Ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce, domin sauyin da ba a bayyana ba yana iya zama hujjar ƙin biya idan wani abu ya faru. Tun farkon 2022 jihar Legas ta wajabta kai mota cibiyar bincike kafin a ba da takardar cancantar hawa titi, kuma a can ana gwada birki, ana duba ƙasan mota. Kafin ka kai ta, ka yi tafiyar kilomita 200 zuwa 300 a hankali, ka hau da ita kan rami, a sake ɗaure kowane noti na gadon, a bi kowace walda da tocila, kuma ka ajiye hotunan aikin tun yana kan tebur tare da rasiɗan ƙarfe a cikin fayil ɗin motar.